Satar Hanya a Bahar Maliya

Duk wanda ya san Simsim ya san babu abin da ya haɗa ta da teku. Baƙar ƙasa ce mai laka a kudu da garin Gadarif, a gabashin Sudan, wadda in rani ya yi take tsattsagewa har ƙafar akuya ta faɗa, in damina ta sauka kuma ko tarakta sai ta yi da gaske kafin ta fita. Ruwan da muka tashi muka gani shi ne na hafir, wato tafkin da ake haƙawa a tara ruwan sama a yi ta sha har wata daminar. Sunan wurin ma da Larabci riɗi yake nufi. Daga nan zuwa Sawakin, a bakin Bahar Maliya, sama da kilomita 700 ne a kan titi. Duk da haka, a gidan da na tashi babu labarin da aka fi maimaitawa kamar na jirgin ruwa.

Ban riski kakana na wajen uba ba, ya rasu kafin a haife ni. Abin da na sani game da shi daga bakin matarsa na ji, wato kakata wadda ta goye ni, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce Malam. Ni kuwa maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika. In dare ya yi a lokacin yankan riɗi, tsakar gida ta cika da 'yan ƙwadago, sai ta ce, "Maigida, matso in gaya maka yadda wanda ka gada ya bar ni da goyo ya tafi ya hau katako." Katako take kiran jirgin, don raini. Malam ya fito daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja yana saurayi da niyyar Makka, ya yi shekaru yana tafiya yana tsayawa, ya aure ta a Jazira, suka gangaro ƙasar Gadarif. Ana sauran 'yan shekaru Turawan Ingila su bar Sudan, wato kafin 1956, ya ƙirga abin da ya tara ya ga ba zai kai mutum biyu ba. Ta hanyar gwamnati ma ko mutum ɗaya ba zai kai ba. Sai ya tafi shi kaɗai ta ɗaya hanyar.

Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin hirar tsohuwa, har ranar da nake tace labaran nishaɗi na ƙarshen shiri a gidan rediyon da nake aiki, na ci karo da labarin wani Bature da ya tuƙa ƙaramin jirginsa shi kaɗai zuwa wani ƙauyen masunta a ɗaya daga cikin tsibiran Girka. Wannan al'ada ce a wurinsu tun zamanin Joshua Slocum, wanda ya zagaye duniya shi kaɗai a jirgin iska tsakanin 1895 da 1898 ya dawo ya rubuta littafi. Kowannensu yana riƙe da kundin da yake rubuta ranar da ya tashi, da inda iska ta kaɗa, da sunan mashigin da ya kwana. Malam shi ma a ƙauyen masunta ya sauka bayan kwanaki a jirgin iska, babu ɗan uwa ko ɗaya a tare da shi, amma ko sunan ƙauyen bai riƙe ba. Gaɓa kawai yake cewa. Wannan ne ya sa na koma ina neman abin da tarihi ya adana game da masu irin tafiyarsa, waɗanda a nan da Hijaz ake kira Takari.

Hanyar gabas tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Turawa akwai matsugunin mutanen yamma a Galabat, a kan iyakar Habasha, ba nisa sosai da mu. Amma ambaliyar ta zo ne bayan faɗuwar Sakkwato a ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas da jama'a, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka saura har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da Turawa suka ci Darfur a 1916, hanyar ta buɗe sosai: Kano, Maiduguri, Kusuri, Fallomi wadda yanzu ake kira Njamena, Abeshe, Jinaina, Fashir, Nahud, sai Ubayyid inda jirgin ƙasa yake jira. Layin dogo ya iso Gadarif daga Kasala a 1928, shekara ɗaya bayan haka ya haɗe da Sinnar. Mai kuɗi yana iya shiga jirgi a nan ya sauka a bakin teku.

Sai dai mafi yawansu ba masu kuɗi ba ne. Da guminsu suke tafiya. An gama dam ɗin Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka buɗe baki suna neman hannu, Takari suka cika su. Wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka fara noman dawa da tarakta a Gadambaliya, yamma da Gadarif, aiki ya ƙara samuwa a ɓangarenmu. Mutum ya yi kaka ɗaya ya ce baɗi zai wuce, baɗi ta zo aka yi haihuwa ko rashin lafiya, kuɗin ya tafi. Wani masani ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a 1995 a kan mutanenmu na Jazira, inda ya iske jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda ba su taɓa ganin teku ba amma har lokacin suna cewa a kan hanya suke. Ni ban yi mamaki ba da na karanta, domin da su na tashi.

To, mu zo ga ruwan. Daga Kano zuwa Sawakin fiye da kilomita 3,000 ne. Daga Sawakin zuwa Jidda kimanin kilomita 300 ne, bai kai nisan Kano zuwa Abuja ba, jirgin fasinja na yau dare ɗaya yake yi. Amma wannan ɗan guntun ya daɗe yana firgita alhazai. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya haye daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin jirgin da aka ɗinke katakonsa da igiyar kwakwa babu ƙusa ko ɗaya, ya kuma yi kuka da yadda masu jiragen ke cusa mutane don su mai da kuɗin jirginsu a tafiya guda. Bayan fiye da shekara 600, a 1814, wani Bature ɗan Suwizalan mai suna Burckhardt ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin tare da Takari, ya shiga jirgi da su a watan Yuli. Jirgin bai miƙe zuwa Jidda ba. Ya yi ta bin gaɓar Afirka yana yin arewa, yana tsayawa kowane dare a wani lungu, sai da ya kai wajen tsibirin Mukawwar sannan ya yanka teku. Tafiyar ta ci fiye da mako.

Dalilin wannan zagaye shi ne iska da dutse, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don komai na gaba a kansa yake. Jirgin da ake kira sambuk ba shi da inji a wancan zamani. Ƙaton ƙyalle ne mai kusurwa uku ake ɗaurawa a jikin dogon itace, iska ta tura. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara, a kudancinsa kuma takan juya da hunturu ta taso daga kudu. Jidda tana arewa maso gabas da Sawakin, don haka wanda ya nufe ta kai tsaye yawanci gaba da gaba yake yi da iska. Amma in ka ja layi daga Sawakin ka miƙe gabas sak, wajen Ƙunfuza za ka faɗa, in ka ɗan karkata arewa ka faɗa Al-Lis. Iska ta gefe take bugun jirgi a wannan hanya, kuma ita ce sambuk ya fi so. Sai kuma duwatsun murjani, waɗanda suka yi layi a gaɓar Afirka da ta Larabawa duka, suna kwance ƙarƙashin ruwa da taku ɗaya ko biyu. Da rana ana gane su da canjin launin ruwa, shi ya sa ake ɗora yaro a saman itacen jirgi yana dubawa yana kira. Da dare babu mai ganinsu. Saboda haka rayis mai hankali, wato shugaban jirgi, ba ya shiga tsakanin duwatsun nan bayan faɗuwar rana.

Zamanin Turawa ya kawo jirgi mai hayaƙi, wanda bai damu da inda iska ta dosa ba. Mashigin Sawakin siriri ne, manyan jirage ba sa sakewa a ciki, sai aka gina sabuwar tasha a arewa, Bur Sudan, wadda a labaran rediyo ake ce wa Port Sudan, aka buɗe ta a 1909. Ciniki ya ƙaura, benayen Sawakin da aka gina da dutsen murjani suka fara zubewa, abin da ya rage mata shi ne alhazai da sansanin killace su. Jiragen kamfanin Khedivial na Masar suna ɗaukarsu zuwa Jidda. Manya kuwa suna da tasu hanyar daban. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta Ikko da Ingila, ya ga Sarki Joji na biyar, kuma tafiyar tasa a rubuce take.

Killacewar nan, wadda tsofaffinmu ke kira karantina, ba don mugunta kawai aka ƙirƙiro ta ba, gaskiya ɗaya ce. A 1865 kwalara ta kashe dubban alhazai a Makka, ta bi masu komawa gida ta shiga Masar ta haye Turai. Shekara ɗaya bayan haka ƙasashe suka yi taro a Istanbul a kan batun, daga baya aka kafa sansanoni irin na tsibirin Kamaran da na Ɗur a Sinai, aka ƙara ɗaure dokokin da yarjejeniyar Faris ta 1926. Gwamnatin Sudan ta ce duk mai hayewa sai ta tashar da aka yarda, da takardar tafiya, da lambar agana da allurar kwalara, da tikitin zuwa da dawowa, da kuɗin ajiya don kada ya maƙale a can ya zama nauyi. A ɗaya gefen, bayan Sarki Abdul'aziz ya karɓi Makka a 1924 da Jidda a ƙarshen 1925, akwai kuɗin shiga da na muɗawwifi da ake karɓa tun daga tasha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da hujjarsa in ka ɗauke shi shi kaɗai. In ka haɗa su ka ɗora wa mutumin da ya yi shekara bakwai yana tsinkar auduga, ka ƙara masa wasu shekarun ne, ko kuma ka nuna masa hanyar daji.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Mutane suka fara abin da masanin tarihi Jonathan Miran ya sa wa maƙalarsa ta 2015 suna da shi, wato satar hanya zuwa Makka. Wasu daga Gadarif sukan bi ta Kasala su tsallaka Iritiriya, wadda ke hannun Italiya har 1941, su tsaya aikin auduga a Tasanai, su wuce Agordat da Karan su gangara Masawa, daga ƙauyukan gaɓar can su shiga sambuk. Wasu kuma ba sa barin Sudan, sukan sauka Tokar, inda ake noman auduga a bakin kogin Baraka, su jira dillali ya kai su wani lungu wajen Aƙiƙ. Inda suke sauka a can gefen shi ne ƙananan wurare nesa da idon jami'an Jidda: kewayen Al-Lis, Ƙunfuza, har Jizan. Iska tana goyon bayan wannan zaɓi kamar yadda na faɗa. Abin da doka ta ƙara shi ne dare. Jirgin da ke guje wa masu sintiri dole ya tashi cikin duhu ya sauke cikin duhu, wato ya ratsa duwatsun murjani a daidai lokacin da kowane rayis ya san bai kamata ba. Kuma mutanen da aka yi dokar lafiya don a duba su, su ne suka haye babu wanda ya duba su.

Ta Tokar Malam ya bi. Ga yadda kakata ta ba ni, ita ma yadda ya ba ta. Ya yi tsinkar auduga a can har ya san wanda zai yi wa magana. Wani dare aka tashe su, su da yawa, Barebari da Fulani da mutanen Wadai, da mata masu goyo, aka yi ta tafiya da su a ƙasa har suka ji warin gishiri. Suka yi kwanaki a ɓoye cikin itatuwan da ke tsirowa a bakin ruwa, ba a yarda a hura wuta ba. Ran da jirgi ya zo, da ƙaramin kwalekwale aka riƙa kwasarsu kaɗan kaɗan. Ya ce bai taɓa ganin ruwan da babu ɗaya gefen ba sai ran nan. Ya san kogin Haɗeja, ya haye Shari, ya haye Nilu, duk kana hango inda za ka. Jirgin ba shi da rufi. Kowa ya zauna a kan ƙullin kayansa, gwiwa na gugar gwiwa, in ka tashi ka rasa wurinka. Ruwan sha da ɗan kofi ake aunawa safe da yamma. Alwala kuwa da gwangwani mai igiya ake ɗebo ta daga teku, salla a zaune, alƙibla kuma ga ta gaban jirgi, karon farko a rayuwarsa da bai nemi a nuna masa ba.

Kwana nawa suka yi? In ranta yana sanyi kakata takan ce biyar, in ta tuna abin da ya ɓata mata rai ta ce bakwai. Abin da ba ta taɓa canzawa ba shi ne yinin da iska ta ɗauke cak, ƙyallen ya saki jiki, rana ta tsaya a kansu, aka rage kofin ruwa zuwa rabi. A yinin nan ne Malam ya juya ga wani Babarbare da ke gefensa, wanda ba su taɓa magana ba, ya gaya masa sunansa da sunan mahaifinsa da unguwar da ya bar iyalinsa a Gadarif, ya sa shi ya maimaita har ya riƙe. Shi ma ya karɓi nasa. Dalili kuwa, wanda ya shiga sambuk ba ya cikin rajistar kowa. In jirgin ya nutse babu ofishin da za a je a tambaya, matarsa za ta zauna ne ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta ci gaba da yi ba.

Nutsewa ma ba ita kaɗai ce abin tsoro ba. Babu tsohon Takari da bai san labarin rayis ɗin da ya karɓi kuɗi, ya yi ta yawo da mutane cikin duhu, ya sauke su a tsibirin da babu ruwa ko ya mai da su gaɓar Afirka ya ce ga Hijaz nan. Akwai kuma bauta, wadda ba tatsuniya ba ce. A yarjejeniyar Jidda ta 1927 Ingila ta riƙe haƙƙin 'yanta bawan da ya gudo ofishin jakadancinta, ta sake shi a 1936, kuma cikin waɗanda suka gudo akwai mutanen yammacin Afirka da aka sayar tun suna yara a hanyar hajji. Sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Yaron da ya sauka a gaɓar da babu hukuma, ba shi da takarda, ba ya jin Larabci, babu abin da ya tsaya tsakaninsa da kasuwa sai tsoron Allah na wanda ya tsince shi.

Kafin asuba aka sauke su. Jirgin bai matso ba, aka ce su dira, ruwa ya kai ƙirji, kaya a ka, murjani yana yanka ƙafa. Kafin su gama fitowa ƙyallen jirgin ya ɓace. Nan kowa ya zauna a kan yashi yana jiran abu ɗaya, wanda wani dattijo Bafillace ya gaya musu tun a cikin jirgi: ku dubi inda rana za ta fito. In ta fito daga cikin teku, an cuce mu, har yanzu muna Afirka. In ta fito ta bayan ƙasa, teku yana yamma da mu, to mun haye. Kakata takan ja wannan wurin, ta yi shiru, ta gyara zama, duk da cewa kowa a tsakar gidan ya san ƙarshensa. Ta bayan duwatsu ranar ta fito, wasu dogaye can nesa.

Ƙauyen da suka tarar bukkoki ne na ciyawa da kaba, da taru a shanye, da kifi yana bushewa a rana, da rijiya mai ruwan zartsi. Mutanen wurin ba su yi mamakin ganinsu ba, alamar ba su ne na farko ba. Malam ya yi 'yan kwanaki yana ɗaukar musu kaya don ƙafarsa ta warke ya kuma sami guzuri, sannan suka kama hanyar arewa ta cikin Tihama, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin teku da duwatsu, inda zafi ke hana tafiyar rana. Daga Al-Lis zuwa Makka kusan kilomita 200 ne, daga Ƙunfuza kuwa ya kusa ninka haka. Tunda ta ce ba su yi wata guda a hanya ba, kuma ta ambaci Al-Lis a matsayin garin farko mai kasuwa da suka shiga, ina kyautata zaton Gaɓar Malam tana kudu da shi kaɗan. A Yalamlam ya ɗaura harami, miƙatin mutanen Yaman. Mutumin Haɗeja ya shiga Makka ta ƙofar 'yan kudu.

Yanzu ga tambayar da ta raba gidanmu shekara da shekaru: abin da ya yi daidai ne? Malaman mazhabarmu ta Malikiyya suna da sauƙi a kan sharaɗin iko. A wurinsu wanda zai iya tafiya a ƙasa, kuma yana da sana'ar da zai ci da ita a hanya, yana cikin masu iko ko da ba shi da abin hawa. Wannan fahimta ita ce ta ɗauki dubban talakawa daga ƙasar Hausa ta kawo su nan. Amma su dai malaman sun ce hukuncin teku kamar na tudu ne muddin halaka ba ta fi rinjaye ba. Malam ya ce yawancin jirage suna isa, don haka tsira ce ta rinjaya. Kakata ba ta karanta Muhtasar ba, nata lissafin daban ne. Damina biyu ya yi bai dawo ba, yana ga-ruwa a Makka da dako a Jidda yana tara kuɗin komowa. Goyon da ya bari ƙyanda ta ɗauke shi a daminar farko, ita ta yi ta surfe da daka a gidajen mutane. Ba ta taɓa cewa hajjinsa bai yi ba. Cewa take yi rabin ladan nata ne, kuma za ta karɓa a gaban Allah. Ni dai in aka matsa mini, ina ganin ta fi shi hujja, ko da yake na san da bai kasance mai irin wannan taurin kai ba, da bai baro Haɗeja ba tun farko, da ba a haife ni a nan ba.

Abin dariya, ta hanyar gwamnati ya dawo. Jirgi mai hayaƙi ya kawo shi Sawakin, aka killace shi, aka yi masa allurar da ya guje wa, aka rubuta sunansa. Zamani kuma yana juyawa a lokacin. Tun 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa kamfanin jigilar alhazai na WAPA a Kano, wanda har yau wani yanki na Fage ke amsa sunansa, motoci suka rage tafiyar shekaru zuwa makonni, jirgin sama ya zo ya mai da ita sa'o'i. Waɗanda ke tsakiyar hanya suka zauna inda suke. Da aka kafa hukumar noman inji a 1968, Bankin Duniya ya ba da rancen share dajin Simsim aka yanka shi manyan gonaki, Malam ya kwaso iyalinsa ya dawo nan. Tarakta tana huɗa tana shuka, amma riɗi in ya nuna sai lauje da hannu, kuma cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba kwanson ya fashe ya zube. Aikin da ya yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare. Takardar da ya guje wa a bakin teku kuwa ta biyo 'ya'yansa har gona, domin dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko iyayensa maza suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897, shekara biyar da 'yan watanni kafin Burmi.

Kada mai karatu ya ɗauka hanyar ta mutu. A watan Yulin 2011 wani jirgi ya tashi daga gaɓar yankin Tokar ɗin nan ɗauke da masu neman shiga Saudiyya ba takarda, ya kama da wuta a cikin teku. Hukumomin Sudan suka ce mutum 197 sun mutu, uku suka tsira, rahotanni kuma suka ambaci 'yan Chadi da Najeriya da Somaliya da Iritiriya. Na nemi jerin sunayensu a lokacin da nake haɗa wannan rubutu, adadin kawai na samu. Da yaƙi ya ɓarke a Khartum a watan Afrilun 2023, duniya ta ga manyan jirage suna kwashe dubban mutane daga Bur Sudan zuwa Jidda, kuma a bakin tashar fasfo ne yake faɗin wanda zai hau.

Kakata ta haye ita ma daga ƙarshe, bayan rasuwar Malam, lokacin da aka sake buɗe tashar Sawakin a shekarun 1990. 'Ya'yanta suka haɗa kuɗin riɗin kaka biyu suka biya mata, da fasfo da katin allura da komai. Baffana da ya raka ta ya ce tun da jirgin ya tashi bayan isha'i ta shimfiɗa zanenta a ƙasan ɗakin mata ta kwanta, ba ta ko leƙa waje ba. Da asuba ya je ya tashe ta, ya kamo hannunta suka hau sama, ga fitilun Jidda a jere. Ta dubi gaba, ta juya ta dubi baya inda suka fito, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce masa, "Ashe ɗan wannan ne ruwan?" Ta nemi buta.